Gonar Mota

Duk wanda ya taso a Garin Ɗela, gabas kaɗan da Dungas, ya san Gonar Mota. Gonata ce, ni Gumsu, ko da yake ko keke ban taɓa mallaka ba. Sunan ya samo asali ne daga wata gawar mota da ta kwana a bakin gonar ta arewa shekara arba'in da biyar, har ta zama ita ce iyaka tsakanina da maƙwabcina Mainassara.

Ubanmu Alhaji Isufu ne ya kawo ta. Zamanin gyaɗa shi ne mai awo a nan, yana kai kaya Magarya, wani lokacin har Kano, kuma a can ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida. Ƴar Ingila ce, ƙirar bayan babban yaƙi, guntuwa mai dogon hanci, kujeru biyu tak, sitiyari a dama. Rufi kuwa babu, sai wata ƴar rumfar tamfol da ake naɗewa a baya. An ce ran da ta shigo gari mutane suka zagaye ta, suka yi wa Alhaji jaje, wai Baturen ya sayar masa da motar da ba a gama ƙerawa ba. Ya hau ta shekara goma sha wani abu. Shekarar da fari ya kashe gyaɗa ya shiga da ita gona duba shuka, ta yi tari biyu ta mutu. Ba wanda ya san maganinta daga nan har Damagaram, Alhaji kuma a lokacin abin da za a ci ya fi damunsa, sai ya bar ta a nan.

A lokacin ina da shekara tara. Ƙanena Mas'udu yana da huɗu, kuma a bayana ya girma, ni na goya shi. A cikin motar nan nake ajiye shi in ana noma, in sa masa zane ya yi inuwa.

Tayoyi suka ruɓe, kujeru suka zama abincin gara, rairayi ya cinye ta har rabin ƙofa. Amma ƙarfe ƙarfe ne. Gamba da ake shukawa a kan iyaka akuya na ci, mutum na tuge ta ya matsar in ba a gani. Itace na mutuwa. Mota kuwa ba mai ɗaga ta da asuba ya kai gaba. Da Alhaji ya rasu aka zo rabon gado, liman ya rubuta da ajami cewa gonar Gumsu ta tashi daga hanyar amalanke ta kudu ta tsaya a mota. Ita motar kanta ta faɗa rabon Mas'udu tare da gidan Magarya, aka yi ta dariya, shi ma ya yi. A lokacin yana lakwal, wato makarantar boko, bai fara jin kansa ba.

Daga baya ne ya zama babban ma'aikaci a Yamai, ya yi tumbi, ya fara sa baƙin tabarau ko a cikin zaure. Ni kuwa mijina ya rasu ya bar ni da ƴata Nazifa, ita ma aurenta ya mutu ta dawo mini da jikoki uku. Gonar nan ita ce tukunyarmu. Bakinta na arewa ya fi ko'ina kyau, don shekara ashirin ina kai takin gida da kaina ina zubawa a wurin, kwando-kwando, har ƙasar ta yi baƙi. Dami goma sha biyu nake ɗaurewa a wannan ɓangaren kaɗai in damina ta yi kyau, kuma su ne ke kai mu har sabon gero ya fito.

Wata rana da rani, bayan an kwashe kara, sai ga Mas'udu da kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, da ƙarti shida da shebur. Ashe wani abokinsa ya nuna masa hoton irin motar a salula, ya ce masa Turawa na girmama ta kamar kakarsu. Shi ke nan, ƙanena ya tuna yana da uba.

Na iske su sun riga sun tone hancinta. Na ce, "Mas'udu, me kake yi haka?"

"Yaya, tarihi nake cetowa," in ji shi. "Kin san abin da kuka bari kaji na yi wa kashi shekara arba'in? Irinta ba su fi a ƙirga ba a duk Afirka."

"Iyakata ce kake tonewa."

Ya yi dariyar nan tasu ta mutanen biro, ma'aikatan ofis, wadda ake yi da hanci. "Haba Yaya. Yanzu ana iyaka da mota? Zan aiko a kafa miki turakun siminti, da takarda mai tambari. Wata ɗaya."

Suka ɗaure ta da sarƙa suka ja ta bisa kamiyo, ƙasa na zuba daga cikinta. Mainassara yana tsaye a gonarsa da hannu a baya, har da yi musu sannu da aiki. Ban taɓa ganin mutum ya yi wa aikin wani murna haka ba.

Turakun siminti ba su zo ba, ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Na kafa turken itace a ramin, kwana tara ya ɓace. Na dasa gamba, ta bushe ta wata irin bushewa da ba ta rana ba. Mainassara yana da shanun noma, ni sai hauya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: damina ta farko garmarsa ta bi ta kan ramin ta shafe shi, ta biyu ta ci kunya goma, ta uku sai na je shuka na tarar har ya binne irinsa cikin baƙar ƙasata. Da na yi magana ya ce, "Uwar Nazifa, ni ma so nake in san iyakar. Nuna mini motar in tsaya."

Duk tsawon shekarun nan uku, abin da nake samu daga ƙanena hotuna ne a salular Nazifa. Yau ga motar tsirara a wani garaji a Kano, an kankare ta. Gobe ga wani ƙarfe kamar ludayi da aka aiko daga Ingila ta jirgin sama, an kwantar da shi cikin auduga. Jibi ga fatar kujeru, ja, wai sai da aka nemo irin ɗinkin asali. Yana aiko da murya yana bayani, yana kiran sunanta na Ingilishi da ban taɓa iya riƙewa ba kuma ban yi ƙoƙari ba. Nazifa ta aika masa hoton kunyoyin Mainassara a cikin gonata, ya amsa da hoton fitila.

Da bazarar bana na kai ƙara wajen mai gari Manzo. Tsoho ne siriri mai ƙarancin magana, irin wanda in kana bayani yake kallon ƙasa kamar ba ya ji, alhali ba abin da ke wuce shi. Ya tara dattawa, aka ɗauko takardar liman aka karanta. Kowa ya ce iyaka mota ce. Aka ce to ina motar take? Wannan ya ce kusa da sabarar can, wancan ya ce a'a, gaba da ita. Shekara arba'in da biyar suna wuce ta, ba wanda ya taɓa auna ta da komai, don ita ake auna komai da ita.

Ni na sani. In ka tsaya daidai inda hancinta yake ka dubi yamma, gawon gonar liman yana rufe dogon ƙarfen salula na Dungas, ba ka ganinsa sam. Na faɗa. Mai gari ya ce, "Gumsu, ke ce mai ƙara. Mai ƙara ba ya yi wa kansa shaida."

A nan ne na yi wautata, kuma ba zan ɓoye ta ba. Na ce a kira Mas'udu, shi ya tone ta, shi ya san inda ya ɗauke ta. Mainassara ya yi tsalle ya ce ina aka taɓa yi, ɗan'uwa ai ƴar'uwarsa zai bi. Mai gari ya ce in ya nuna wurin kuma Mainassara bai gamsu ba, yana da ikon ya sa a ba shi Alƙur'ani ya rantse. Muka yarda mu biyu cewa abin da Mas'udu ya nuna shi ne iyaka, aka shafa fatiha. Na koma gida ina jin daɗi, ina cewa naka sai naka.

Na kira shi. Na ɗauka zai yi ta kawo uzuri, sai ya amsa da sauri. Ashe an gama motar, yana ta neman dalilin da zai kawo ta gida a gani.

Ya zaɓi ranar kasuwar Dungas. A kan kamiyo ya kawo ta tun daga Magarya, lulluɓe da bargo kamar mai jego, sai da aka zo bakin gari aka sauke ta a bayan wata katanga don ya shiga yana tuƙi. Direban kamiyon ne ya ba ƴan kabu-kabu masu haya da babur labari, su kuma kafin azahar sun raba wa kowa. Ba zan yi ƙarya ba, motar ta yi kyau. Kore ce mai duhu kamar ganyen mangwaro bayan ruwa, ƙafafunta da wayoyi irin na keke suna walƙiya, kujerun ja, hancin nan ya fito fes. Da na gan ta sai da na tuna Alhaji, idona ya kawo ruwa. Sai na dubi wanda ke ciki. Mutum mai shekara hamsin da uku, cikin zafin bazara da ke narka man shanu a inuwa, ya sa hular fata mai baki da safar hannu, gumi na bin wuyansa, yana ɗaga wa masu tallan ƙosai hannu kamar sun zaɓe shi.

Sau uku ya zagaya kasuwa. Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce, "Har yanzu ba a sa mata rufin ba?"

Da ya iso ƙofar gidana na kawo masa ruwa, na zauna kusa da shi na yi masa bayani a hankali kamar yadda nake yi masa yana yaro. Na ce ya ajiye motar nan a inuwa, ya taka da ƙafa, ya yi ta tafiya arewa yana duban yamma, inda gawo ya rufe ƙarfen salula ya tsaya ya ce nan ne.

"Dakor, Yaya, dakor," in ji shi da Faransancinsa, yana goge madubi da gefen rigarsa. "Gawo da ƙarfe. Na ji."

"Da ƙafa, Mas'udu. Gonar jigawa ce, rairayin ya yi laushi."

"Ke dai ki bar mini. Alhaji da ita ya shiga, ni ma da ita zan shiga. Injinta sabo ne fil, ba abin da zai tsayar da ita."

Na so in tuna masa cewa Alhaji da ya shiga da ita bai fito da ita ba, amma har ya tashi.

Da la'asar gari duka ya fito gona, har da waɗanda suka biyo motar daga kasuwa. Mai gari ya miƙa masa sandarsa ya ce ya je ya soka ta a wurin. Mas'udu ya ce, "Ranka ya daɗe, bari motar ta koma makwancinta da kanta, kowa ya gani da idonsa." Mutane suka yi sowa. Mai gari ya dubi motar, ya dubi rairayi, ya janye sandarsa.

Ya tashe ta. Tana da murya, wannan kam ba a hana ta, wani gurnani mai kauri da ya sa awaki suka watse. Ya bar hanyar amalanke ya shigo gonata, mutane na bin sa ta gefe biyu. Ni ina gudu-gudu a hagunsa, idona a yamma. Motar ƙasa-ƙasa take, cikinta bai fi tafin hannu ɗaya da rabi daga ƙasa ba; an yi ta ne don titunan mutanenta, ba don tudun gero ba. Ta haye kunya, ta haye kunya, tana lilo. Ƙarfen salula yana matsowa kusa da gawo, amma da saura, da saura sosai.

Sai na ji muryar ta canza. Ta yi ƙara sama, motar kuwa ba ta gaba. Na dubi ƙafar baya, na gan ta tana juyawa a wuri ɗaya tana watso rairayi, tana haƙa wa kanta rami. Cikin motar ya zauna daram a kan tudu. Bai fi ƙiftawar ido uku ba. Na ga wuyan Mas'udu ya sandare, na ga ya saci kallon jama'a: ƴan kabu-kabu da salula a sama suna ɗauka, ƴan mata, dattawa, tsohon nan mai igiya.

Ya murɗa makulli, injin ya yi shiru. Ya cire safar hannu yatsa-yatsa, ya buɗe ƙofa ya fito, ya gyara hula.

"Wala," in ji shi. "Nan ne."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Mas'udu!"

"Nan na tone ta, ranka ya daɗe. Na tuna sarai."

"Ƙarya ne! Kafewa ta yi! Ku dubi ƙafarta, ku dubi gawo! Mas'udu, dubi gawo!"

Bai duba ba. Ya jingina da ƙofar motar yadda rigarsa ta rufe ƙafar baya, ya yi murmushi ya ce wa mutane, "Yayata ba ta san mota ba. Wannan ba ta kafewa. Ni na tsayar da ita."

Na ce a ba shi Alƙur'ani. Na faɗa sau uku, har muryata ta dushe. Mainassara, wanda tun safe fuskarsa take a murtuke, sai ga shi ya matso da hannu biyu a ƙirji, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yarda. Babban mutum kamar wannan ba sai ya rantse ba. Na yafe rantsuwar."

Mai gari ya dube ni, kuma na ga tausayi a idonsa, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce, "Gumsu, rantsuwa haƙƙin Mainassara ce, ba taki ba, ya kuwa yafe. Shaidar nan ke kika kawo shi. An shafa fatiha a kan abin da zai faɗa, ga shi ya faɗa."

Daga hancin motar zuwa inda ya kamata ta tsaya taku talatin da bakwai ne. Na auna daga baya. Duk baƙar ƙasata tana cikin takun nan talatin da bakwai.

Mutane sun fara juyawa sai mai gari ya buga sandarsa a ƙasa. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya daidai ƙafar baya, ya daɗe yana kallon ƙasa kamar yadda ya saba. Sannan ya ce, "Ɗauke motar nan shi ya jawo mana wannan fitina. To ta dawo, alhamdu lillahi. Ba mai sake motsa ta sai masu awon fili sun zo daga birni sun kafa turakun siminti a gaban hancinta. Wanda ya motsa ta kafin nan, ya motsa iyaka, kuma da ni zai yi." Ya juya ga ƙanena. "Ko akwai wata magana, Mas'udu? In akwai abin da ya hana ta ƙarasawa, faɗi yanzu, mu ji."

Mai gari ya buɗe masa ƙofa har bango. Mas'udu ya dubi masu salula, ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. Kwana nawa ne masu awon za su zo?"

Aka sake shafa fatiha.

Kwana biyu bayan nan hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan shuka, mai yawa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ranar ruwan farko ba a gaisuwa mai tsawo. Kafin rana ta faɗi washegari na shuke gonata kaf har gindin ƙofar motar, Mainassara ya shuke tasa har gaban fitilunta. Masu awo kuwa ba su jan igiyarsu a cikin shuka, ko'ina haka ne, sai an kwashe amfani. Mas'udu ya je Dungas ya dawo, ya je Magarya ya dawo, kowa ya ce masa sai kaka.

Ya ɗaga mata rumfar tamfol ɗin, ya sayo leda ya lulluɓe ta ya ɗaure da igiya. Iskar hadari na biyu ta ɗauke ledar ta kai wa gawon liman. Rumfar kuwa an yi ta ne don yayyafin ƙasarsu. Ruwa na uku ya taru a tsakiyarta har ta yage, ya sauka a kan jar fatar nan da aka nemo wa ɗinkin asali. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ina noman farko, gero ya kai idon sawu, sai na gan shi tafe da ƙafa, yana ɗaga takalma kamar mai tsallake kashi. Ba hula, ba tabarau. Ya tsaya a kaina ya gaishe ni, gaisuwar da rabona da irinta daga bakinsa tun yana lakwal.

"Yaya, ruwa ya shiga injin. In ta kai kaka a nan ta mutu. Na yi magana da masu shanu. Ki bari su shigo ta gonarki da sassafe su ja ta, in ya so a kafa itace a wurin. Mai gari ba zai ƙi ba in ke kika roƙe shi. Abin da aka tattake zan sayo miki gero a madadinsa."

Na dogara da hauyata na dube shi. Idonsa ya faɗa. Na goya yaron nan, na san fuskarsa in yana gab da kuka, kuma wallahi zuciyata ta motsa. Na ce, "Ba sai da sassafe ba. Yau ma za a ja ta, rana tsaka, ni zan riƙe wa shanun igiya, su tattake abin da za su tattake. Abu ɗaya kawai. Mu je wajen mai gari yanzu, a tara waɗanda aka tara, ka ce musu motarka kafewa ta yi. Kalma uku ce, Mas'udu. Motata ta kafe. Ka faɗa, ka ɗauki motarka, in karɓi gonata."

Ya dubi motar, ciyawa ta fara fitowa tsakanin wayoyin ƙafarta.

"Yaya, an ɗauka a salula. Har Yamai an gani. In na koma na ce ƙarya na yi a gaban mai gari, ina zan sa fuskata? Ni fa ba ƙaramin mutum ba ne a wurin aiki."

"Ni kuma jikokina ina za su sa bakinsu a watan bakwai?"

"Na ce zan aiko da gero."

"Kamar yadda ka aiko da turaku."

Ya tsaya har inuwarsa ta matsa. Ina jira, kuma Allah ya sani da gaske nake jira, don na ɗauka ko bai faɗa don ni ba zai faɗa don motar, tunda ita ya yi wa shekara uku yana bauta. Ashe ita ma bai so ta kamar yadda nake zato ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tabarau ya maƙala, ya ce zai yi tunani, ya juya. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma ni ban taɓa ganin wanda ya naɗa shi da kyau kamar ɗan uwata ba.

Damina ta yi kyau bana, abin haushi. Gero ya tashi ya rufe motar har ba a ganinta daga hanya. Kwaɗi suka yi gida a ƙarƙashin kujeru, fatar ta kumbura ta yi fumfuna ta tsage, walƙiyar ƙafafun ta koma ja. Zabin Mainassara suka gano ta suka fara ƙwai a wajen sitiyari. A gaban hancinta kuwa geronsa ya yi zangarniya kamar damtsen mutum a kan takin da na kai da kaina. Na tsaya ina kallo yana ɗaure dami goma sha uku a wurin, har ya fi ni da ɗaya. Ya aiko mini da biyu wai don zumunci, na mayar masa.

Masu awo sun zo bayan an kwashe kara, suka kafa turakun siminti biyu, ɗaya a gaban kowace fitila, suka ba ni takarda mai tambari. Yanzu ba mai hana a ɗauke motar. Watanni huɗu ke nan, kamiyo bai zo ba, geron da aka ce za a aiko ma yana hanya tare da shi. Rumbuna na buɗe shi jiya na duba, in mun yi tsimi zai kai mu farkon damina, daga nan sai abin da Allah ya yi.

Shekaranjiya ya kira salular Nazifa, ta kawo mini ina tankaɗe. Ya tambayi lafiyata a gurguje, bai tambayi yara ba, bai tambayi rumbu ba. Sannan ya ce, "Yaya, ya motar?"

Na ce, "Tana nan inda ka ce nan ne."

Na miƙa wa Nazifa salularta na ci gaba da tankaɗe, don garin da ya rage ba shi da yawa kuma iska ta fara tasowa.